Alhaji Alhassan Ɗantata da Jam'iyyar Attajiran Kano

Yau labarinmu na Alhaji Alhassan Ɗantata ne, Allah ya jiƙansa. Kowa ya ji labarin dukiyarsa, amma ba kowa ne ya san wahalar da ya sha kafin hukuma ta yarda ta saurari attajirin ƙasa ba.

An haife shi a Bebeji cikin shekarar 1877. Asalinsa Ba'agale ne, mahaifinsa Abdullahi kuwa madugu ne. Yana yaro mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa Amarya ta tashi ta koma Ankara ta ƙasar Gwanja, ta bar shi a hannun wata tsohuwa ana ce da ita Tata. Wajenta ya samo sunan nan da ya bi zuriyarsa. Da ya yi ƙarfi ya shiga fataucin goro. A maimakon ya bi ayari watanni a ƙasa kamar yadda iyaye suka saba, sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko, ya riga sauran fatake kasuwa.

Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, ciniki ya juya. Gyaɗa, wadda da can abin ƙuli-ƙuli ce da man miya, ta zama abin da Turawa ke nema ido rufe. Amma Baturen kanti bai san ƙauye ba, bai kuwa san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Alhassan ya san su duka, yana da yara ko'ina. Saboda haka cikin 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya musu. Cikin 1929, sa'ad da aka buɗe bankin Ingilishi a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. An ce kuma shi ya fara jera buhunan gyaɗa dala-dala.

To, ga inda maganar take. Duk yawan kuɗin nan, shi ɗan tsakani ne. Ya sayi gyaɗa wajen manomi, ya miƙa wa kamfani, kamfani ya kai Turai ya ci riba mai tsoka. Su Turawan ciniki, ko da yake kishiyoyin juna ne a kasuwa, suna da jam'iyya guda ta manyan kamfanoninsu na Afirka ta Yamma. Sukan zauna su shirya bakinsu, sa'an nan su je wa Gwamna da magana ɗaya. Attajiranmu kuwa kowa da kiɗansa. Wanda abu ya dama sai ya je ya faɗi gaban Sarki shi kaɗai, Sarki ya gaya wa Razdan, in Razdan ya ga dama ya rubuta Kaduna. Kafin magana ta kai inda ake yanke shawara ta riga ta yi sanyi.

Lokacin yaƙin Hitila aibin wannan hali ya fito fili. Gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona, ta raba wa kamfanoni rabo gwargwadon abin da kowannensu ya saba fitarwa kafin yaƙi. A takarda adalci ne, amma wanda bai taɓa fitar da kaya waje ba ai ba shi da rabo ke nan, ko da shi ne ya tattaro gyaɗar daga ƙauyuka. Alhaji ya nemi iznin saye da fitarwa da kansa, aka hana shi. A ganinmu, wannan ƙi shi ya nuna masa cewa arzikin mutum guda ba ya buɗe ƙofar hukuma.

Bayan yaƙi al'amura suka fara sakewa. Aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa cikin 1949, maganar mulkin kai ta taso, aka soma gyaran En'e. A ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero aka shigar da Alhaji majalisar Sarki, shi da ba ɗan sarauta ba, ya zama bakin 'yan kasuwa a inda da ba a jin nasu. Bai tsaya nan ba. Wajen 1950 shi da waɗansu attajiran birni suka haɗa jari suka kafa kamfanin ciniki na mutanen Kano, wanda ya gina masaƙar zamani da taimakon Gwamnati. Masaƙar ba ta kai girman waɗanda aka yi daga baya a Kaduna ba, amma abin lura shi ne mutanen da kowannensu ya saba ɓoye wa ɗan'uwansa asirin cinikinsa sun yarda su zuba kuɗi wuri guda, su tunkari hukuma da sunan jama'a. Wanda ya san halin 'yan kasuwa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Cikin kakar gyaɗa ta 1953 zuwa 1954 ya sami lasin na sayar wa Hukumar Ciniki kai tsaye, ba sai ta hannun wani kamfani ba. Abin da ya nema tun zamanin yaƙi bai same shi ba sai da ya haura shekara saba'in da biyar, bai kuwa daɗe yana cin moriyarsa ba. Da ciwo ya tsananta ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su zauna lafiya da juna, kada su wargaza kamfanin gida. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari cikin birnin Kano. Allah ya gafarta masa, amin.