Ippolito d'Este: Sau Biyar Yana Shan Ƙasa, Sai Ya Koma Ya Gina Lambu

Idan kana yawan leƙa Instagram ko TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da wani dogon layi a cikin lambu, bango ya yi shar da gansakuka, ruwa na tsartuwa daga ɗaruruwan bakuna, mutane na ta ɗaukar hoto. Sunan wurin Villa d'Este, a garin Tivoli, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Rum na Italiya. Kafin ka danna masa alamar so ka wuce, bari ka ji labarin mai gidan, don shi kansa ba lambun ne burinsa ba.

An haifi Ippolito d'Este a 1509 a birnin Ferrara. Ɗan gata ne gaba da baya. Babansa Alfonso shi ne mai sarautar Ferrara, mahaifiyarsa Lucrezia Borgia kuwa 'yar Paparoma Alexander na Shida ce, wadda ya haifa tun kafin ya hau kujerar. To amma Ippolito ba ɗan fari ba ne, sarauta ta yayansa ce. A wancan zamanin, irin wannan ɗa coci ake tura shi, ko yana so ko ba ya so. Yana ɗan shekara 10 aka ba shi muƙamin babban bishop na Milan, ya gaji ƙanin babansa. Ka tuna abin da kake yi kana shekara 10. Shi a lokacin har kuɗin shiga yake da shi.

Da ya girma sai aka aika shi fadar Sarkin Faransa, Francis na Ɗaya, ya zama na hannun daman sarki. Da kamun ƙafar sarkin ya zama kadinal a 1539, wato ya shiga sahun masu zaɓen Paparoma, waɗanda kuma daga cikinsu ake zaɓa. Kuɗi ya zauna masa, kuma ba ya jin kashe shi. Shi ne ya sa baki aka sako shahararren maƙerin zinariya Benvenuto Cellini daga kurkuku, daga baya kuma ya ɗauki mawaƙi Palestrina aiki.

Abu ɗaya ya rage masa: kujerar Paparoma. A zaɓen da aka fara a 1549 shi Faransa ta tsaya wa, amma ɓangaren Sarkin Sifaniya ya ce bai san zancen ba. Julius na Uku ya yi nasara, ya ba shi gwamnan Tivoli, irin muƙamin nan na share hawaye. Ya sake nema sau biyu a 1555, haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Ƙarshenta ma wanda ya ci, Paul na Huɗu, ya zarge shi da neman sayen ƙuri'a, ya kore shi daga Rum. Ya dawo ya gwada a 1559, ya kuma gwada a 1565. Shiru.

Gidan gwamna da ya tarar a Tivoli tsohon mazaunin 'yan zuhudu ne, a kan wani tudu mai muguwar gangara. Mutumin da ya saba da fadar Faransa ina zai iya zama a nan? A 1560, bayan an mayar masa da muƙaminsa, sai aiki ya kankama, ƙarƙashin wani masanin tsoffin gine-gine mai suna Pirro Ligorio. Aka sassare tudun, aka yi masa hawa-hawa kamar matakala.

Maganar ruwa ce ta fi burge ni. Babu inji, babu lantarki, babu janareta. Ka san yadda tankin da aka ɗora a sama yake turo ruwa famfo da ƙarfi? Dabarar ke nan, sai dai a nan kogi guda ne tankin. Sun haƙa rami na kimanin mita 600 ta ƙarƙashin gari, suka jawo ruwan kogin Aniene zuwa saman lambun. Daga nan nauyin ruwan ne ke yin sauran aikin: ya gangaro ta bututu, a matse masa hanya ya yi tsiri sama, ya faɗo, a tare shi a hawa na ƙasa ya sake tashi. Har abin kiɗa mai bututu wasu Faransawa suka haɗa masa, wanda ruwa ke tura wa iska yana busa da kansa, ba mai taɓa shi.

Layin nan da kake gani a hotuna shi ake kira Maɓuɓɓuga Ɗari, kodayake bakunan ruwan sun fi ɗari nesa ba kusa ba. Idan Allah ya kai ka, kar ka tsaya a tsakiya, ka taka har ƙarshe. A can za ka tarar da Rometta, ma'ana ƙaramar Rum: ya sa an gina masa ƙananan gine-ginen tsohon birnin, har da ɗan kogi da jirgin ruwa na dutse. A ganina nan ne zuciyar mutumin take. Birnin da ya ƙi ba shi mulki, sai ya sa aka yi masa ɗan ƙarami a bayan gida.

Amma fa kar kyan ya ruɗe ka. Wurin ba daji ba ne, unguwa ce. An rushe gidajen mutane da hanyoyi kafin a samu filin. A 1568 mutanen garin suka shigar da ƙara har 12 a kansa, amma hakan bai hana shi ci gaba da aikin ba. Wa zai ja da kadinal kuma gwamna? Duwatsun marmara da gumakan da aka ƙawata wurin da su ma, da yawansu daga kangon fadar Sarki Hadrian da ke kusa aka kwaso su.

A 1572 aka sake zaɓe, Gregory na Goma Sha Uku ya hau. A wannan shekarar sabon Paparoman ya kawo ziyara Tivoli. Ippolito, ga tsufa ga ciwon gaɓɓai, ya sa aka gaggauta kammala wata maɓuɓɓuga mai siffar dodanni, don dodo ne tambarin gidan su baƙon. Hidimar ta ci kuɗi har sai da ya jinginar da kayan azurfarsa, duk don ya tarbi wanda ke zaune a kujerar da ya shafe fiye da shekara 20 yana nema.

Bai ƙara wata uku ba. Ya mutu a Rum ranar 2 ga Disamba 1572, yana da shekara 63, lambun bai ƙaru ba. Danginsa ne suka ci gaba, har Bernini ya ƙara wata maɓuɓɓuga wajajen 1661. Daga baya wurin ya koma kango, ciyawa ta cinye, sai da gwamnatin Italiya ta karɓe shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta gyara. A 2001 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Shi kuwa Ippolito, gawarsa Tivoli aka mayar da ita. Kabarinsa na cikin cocin Santa Maria Maggiore, daf da ƙofar da masu yawon buɗe ido ke bin layin sayen tikiti.