Hermann Joseph Muller

Hermann Joseph Muller (21 ga Disamba 1890 – 5 ga Afrilu 1967) masanin kimiyyar gado ne ɗan ƙasar Amurka. Shi ne ya fara nuna wa duniya, ta hanyar ƙidaya, cewa hasken eksire, wato wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana lalata ƙwayoyin gado, kuma ɓarnar tana iya wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekarar 1946.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin New York. Ya yi karatu a Jami'ar Columbia, inda ya sami digirinsa na farko a 1910. Daga baya ya shiga cikin ɗaliban Thomas Hunt Morgan, masu nazarin gado a jikin wani ɗan ƙaramin ƙuda mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Drosophila. Ana son ƙudan ne saboda cikin mako biyu yake hayayyafa, kuma ɗaruruwansa suna rayuwa a kwalba guda. Muller ya koyar a Cibiyar Rice da ke Houston, sannan a 1920 ya koma Jami'ar Texas da ke Austin.

Gwajin eksire

Kafin Muller, masana sun san cewa ƙwayar gado takan sauya da kanta jefi-jefi, amma babu mai iya auna yawan faruwar hakan. Sai dai mutum ya yi ta leƙen ƙuda ɗaya bayan ɗaya yana neman farin ido ko lanƙwasasshen fiffike, kuma abin da wani ya gani yakan kuɓuce wa wani.

Muller ya kauce wa wannan matsala da dabara. Namijin ƙuda yana da kuromozom X guda ɗaya ne tak, mace kuwa biyu. Idan aka sami mummunan lahani a X ɗin namiji, ba shi da wani da zai rufa masa asiri, sai ya mutu tun bai ƙyanƙyashe ba. Muller ya samar da wani irin ƙuda na musamman mai suna ClB. Yakan haska wa maza eksire, ya haɗa su da matan ClB, ya ware 'ya'yansu mata kowace a kwalbarta, ya jira jikoki. Kwalbar da ba a ga namiji ko ɗaya a cikinta ba, lahani mai kisa ya auku a X ɗin kakan. Ta haka aikin ya koma ƙidayar kwalabe, wadda kowa zai iya maimaitawa.

Ya fara gwajin a ƙarshen 1926, ya wallafa sakamakon a mujallar Science a 1927, kuma ya gabatar da cikakkun alƙaluma a taron masana gado na duniya a Berlin a wannan shekara. A mafi ƙarfin hasken da ya yi amfani da shi, sauyin ya ninka kusan sau 150. A 1928 Lewis Stadler ya ba da rahoton irin wannan sakamako a sha'ir da masara.

Shekarun Turai

Muller mai ra'ayin gurguzu ne a lokacin, abin da ya jawo masa tsangwama a Texas. A 1932 ya tafi Berlin, a 1933 kuma ya wuce Tarayyar Sobiyet bisa gayyatar Nikolai Vavilov. Zaman bai yi daɗin ƙarshe ba. Trofim Lysenko, wanda ya ƙaryata ilimin gado, ya sami goyon bayan Stalin, Muller kuwa ya ƙalubalance shi a bainar jama'a. Ya bar ƙasar a 1937, ya ɗan yi aikin sa kai a yaƙin basasar Sifaniya, sannan ya zauna a Edinburgh. A can ya ƙarfafa wa Charlotte Auerbach gwiwa, ita ce daga baya ta nuna tare da J. M. Robson cewa sinadari ma, iskar guba ta mustad, yana lalata ƙwayoyin gado. Ya koma Amurka a 1940, ya koyar a Kwalejin Amherst, daga 1945 kuma a Jami'ar Indiana.

Gargaɗi kan lafiyar jama'a

Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki, maganarsa ta ƙara nauyi. Matsayinsa shi ne babu wani adadin tururin nukiliya ko eksire da za a ce ba ya ɓarna sam, kuma ƙaramin lahani idan ya watsu cikin miliyoyin mutane yakan taru ya zama babba. Ya soki likitocin da ke haska marasa lafiya ba tare da kariya ba, da gwajin makaman nukiliya a sararin sama. A 1955 hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta hana shi gabatar da muƙalarsa a taron Geneva. A wannan shekara ya sa hannu a sanarwar Russell da Einstein kan haɗarin yaƙin nukiliya.

Har yanzu ana jayayya kan wannan matsayi. Dokokin kariya na ƙasashe da yawa sun ginu a kansa, amma binciken da aka daɗe ana yi kan 'ya'yan waɗanda suka tsira daga bama-baman Japan bai gano ƙaruwar cututtukan gado a fili ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne hanyar da ya buɗe, ta ƙirga ɓarna don gane yawan abin da ya shiga jiki. Tun daga shekarun 1960 ana duba karyewar kuromozom a fararen ƙwayoyin jinin mutum don ƙiyasta tururin da ya same shi, kuma ana yin makamancin haka ga ma'aikatan da ke hulɗa da sinadarai masu guba.

Ra'ayinsa da ya fi jawo suka shi ne na inganta zuriyar ɗan Adam ta hanyar adana maniyyin fitattun mutane, ko da yake ya yi adawa da aƙidar wariyar jinsi ta 'yan Nazi.

Iyali da mutuwa

Ya auri Jessie Jacobs, malamar lissafi, a 1923, suka haifi ɗa ɗaya kafin su rabu. A 1939 ya auri Dorothea Kantorowicz, suka sami 'ya ɗaya. Ya mutu a Indianapolis yana da shekara 76.