Charles Kettering da distributar da muka kwance a wokshop

Satin da ya wuce, muna kwance tsohon inji a wokshop, na ciro distributa na ga haƙoran giyarta sun cinye. Wannan ne ya sa na koma kan mutumin da ya yaɗa wannan tsari, Charles Kettering.

An haife shi a 1876 a Loudonville, jihar Ohio ta Amurka, ɗan manomi. Ciwon ido ya sa ya katse karatu, sai a 1904 ya gama injiniyan lantarki, yana kusan shekara 28. Masu kukan sun makara, ku ji. A 1909 shi da Edward Deeds suka kafa Delco. Tsarinsa na batir da koil da distributa shi ke raba wuta ga filogi a kan lokaci, kuma sitatarsa ta shiga Cadillac a 1912, aka huta da murɗa inji da hannu.

A injina da yawa kamshaf ne ke juya giyar distributa, don haka dole ƙarafan su dace. Kamshaf na ƙarfen zubi yana tafiya da giyar zubi. Na ƙarfe mai tauri, irin na injinan tsere, akan haɗa shi da giyar tagulla, don ita ta cinye maimakon kamshaf mai tsada. In aka yi kuskure, garin ƙarfe ya bi baƙin mai, lokacin wuta ya goce.

Ba na wanke shi duka: ƙarƙashinsa aka ƙirƙiro fetur mai dalma a 1921, gubar da aka sha wuya kafin a daina. Ya rasu a 1958.