Abubakar Imam, Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

A wannan fitowa ta bikin cikar ƙungiyarmu mun ga ya dace mu tuna da Alhaji Abubakar Imam. Yawancinmu da Magana Jari Ce muka san shi, amma aikin da ya fi sa shi cikin tsaka mai wuya shi ne na jarida.

An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne editanta na farko, ya riƙe ta har 1951. Jaridar ta gwamnatin Turawa ce, sarakuna na karanta ta da ido biyu, samarin Arewa masu ilmin boko kuma na son a faɗi abin da ke damunsu. Duk sharhin da ya rubuta sai ya ɓata wa wani rai.

A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, don a ganinsa Arewa ba ta shirya ba. Amma a can ya gana da Lugga, ya kai masa ƙorafi kan yadda mulkin En'e ke tafiya da yadda aka bar Arewa baya a ilmi.

Daga baya jaridar ta riƙa gargaɗin cewa 'yan Kudu ne suka cika ofisoshi, gidan waya da reluwe, kuma in Bature ya tafi su za su gaje shi. Maganar gaskiya ce, ta kuma farkar da Arewa. Sai dai mu da muke kwana a garuruwan wasu muna neman abinci mun san yadda irin wannan magana ke sauka a kunnen baƙo da ke zaune a Sabon Gari. Nan ne muke ganin alƙalaminsa ya yi kaifi biyu.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma shiga Majalisar Wakilai bayan ya bar jaridar. Ya rasu a Zariya a 1981. Allah ya jiƙansa.