Denis Burkitt, Likitan Da Ya Bi Sawun Sankarar Muƙamuƙin Yara

An haifi Denis Burkitt ranar 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin Ireland. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama, amma hakan bai hana shi zama likitan fiɗa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kama aiki a Yuganda.

A 1957, a asibitin Mulago na Kampala, aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa. Ba a jima ba ya ga wani mai irin wannan kumburi. Ya tono tsoffin takardun asibiti, a 1958 ya wallafa bayanin yara 38. Sankarar da ke ɗauke da sunansa ke nan.

Burkitt ba mutumin ɗakin gwaji ba ne, taswira ce makaminsa. A 1961 shi da abokan aiki biyu suka ci kimanin mil 10,000 cikin tsohuwar mota, asibiti bayan asibiti, suna tambayar inda ake ganin cutar. Sai ta bayyana cewa tana bin zafi da ruwan sama: babu ita a kan tsaunuka masu sanyi, kuma a Nijeriya ta fi yawa a kudu fiye da yankin Kano. Wannan kuwa ita ce taswirar zazzaɓin cizon sauro. Daga tsokar marasa lafiya da ya riƙa aikawa Landan ne Anthony Epstein da abokansa suka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964.

Daga baya aka gane yadda abubuwan biyu ke haɗuwa. A ƙa'ida, ƙwayar halittar jiki idan ta sha wuya ko ta samu lahani, takan daina hayayyafa ta gyara kanta, in gyaran ya faskara ta kashe kanta. Zazzaɓin da ke dawowa kai da kai yana tilasta wa ƙwayoyin garkuwar jiki hayayyafa ba hutu, a cikin gaggawar nan ake samun kuskure a ƙwayoyin gado. Ita kuma Epstein-Barr sai ta hana mai lahanin mutuwa. Kumburin kan iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Saurin nan shi ne lagonta. Burkitt ya nuna cewa magani irin su cyclophosphamide na narkar da kumburin, har wasu yara su warke sarai. Saboda haka ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972, tare da wasu likitoci, ciki har da Victor Ngu wanda ya yi aiki a Ibadan. Ƙarancin cutar a arewa ba rashinta ba ne: a wurare irin su Batsari da Safana, inda zazzaɓi ke tsananta da damina, iyaye na iya ɗaukar kumburin a matsayin hangum ko ciwon haƙori, alhali kowane kwana na jinkiri hasara ne.

Ƙarshen rayuwarsa ya koma wa'azin cin abinci mai dusa. Ya rasu a Ingila ranar 23 ga Maris, 1993.