Rudolf Schindler: Likitan da ya koya wa duniya leƙa cikin tumbin ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa fama da gyambon ciki har aka tura shi babban asibiti, mai yiwuwa ya ji an ce ya dawo da safe ba tare da ya karya kumallo ba, za a zura masa wani siririn bututu mai fitila ta baki a duba tumbinsa. Wannan aiki shi likitoci ke kira endoskofi, kuma a yau cikin 'yan mintoci ake kammala shi, majinyaci ya koma gida a ranar. Shekaru ɗari da suka wuce kuwa, aiki ne da majinyaci ke shigarsa rai a hannun Allah, manyan likitoci kuma na kallon masu yin sa a matsayin masu ganganci. Mutumin da ya fi kowa ɗawainiyar fitar da shi daga wannan hali shi ne Rudolf Schindler, Bajamushen da ƙasarsa ta ɗaure shi sannan ta kore shi.

An haifi Schindler a birnin Balin a ranar 10 ga Mayu, 1888, a gidan masu hali, domin mahaifinsa ma'aikacin banki ne. Ya karanci likitanci a Jamus, sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ja shi fagen daga a matsayin likitan soja. A can ne ya lura da yawan sojojin da ke kukan ciwon ciki, waɗanda za a duba su a rasa abin da ke damunsu. Likitan wancan zamani ba shi da abin dogaro sai bayanin majinyaci, da laluben ciki da hannu, da gwajin ruwan tumbi, da hoton eksire wanda inuwar tumbi kawai yake nunawa. Fatar da ke lulluɓe da tumbin daga ciki, inda cutar take, ba mai ganinta sai an tsaga ciki ko kuma mutum ya mutu.

Tun kafin a haife shi wasu sun gwada sa'arsu. A 1806 Philipp Bozzini ya ƙera wata na'ura mai kyandir da madubai don leƙa kafofin jiki, amma hukumomin likitanci na Biyana suka yi watsi da ita. A 1868, a garin Freiburg, Adolf Kussmaul ya nemo wani ɗan wasa da ke haɗiye takobi a bainar jama'a, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe har tumbi. Bututun ya isa, amma haske bai isa ba, don haka bai ga abin kirki ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne, idan aka ɗaga kan mutum yadda ya kamata, baki da maƙoshi da tumbi na iya zama a kan layi ɗaya. A 1881 Johann von Mikulicz, tare da maƙerin kayan asibiti Josef Leiter, suka sanya wa bututun hasken lantarki, suka ga cikin tumbin mai rai. Duk da haka na'urar ta kasance sandar ƙarfe, jikin mutum kuwa ba a miƙe yake ba.

Bayan yaƙi Schindler ya kama aiki a asibitin Schwabing da ke Munik. Wajen 1920 ya sami wata tsohuwar na'urar leƙa tumbi, irin wadda Hans Elsner ya ƙera a 1911, wadda an daina amfani da ita. Ya ɗauke ta, ya gyara ta, ya ƙara mata hanyar hura iska don share gilashin da ke bakinta idan majina ta rufe shi. Da ita ya duba ɗaruruwan majinyata, kuma a 1923 ya wallafa littafin koyarwa mai ɗauke da zane-zanen cikin tumbi masu launi. Babu kyamarar da za ta iya ɗaukar hoto mai kyau a wannan wuri a lokacin, sai dai mai zane ya sa ido a bakin na'urar na ɗan lokaci, ya zana abin da ya gani. Wannan littafi ne ya fara nuna wa likitoci, a tsare, yadda lafiyayyen tumbi yake da yadda cuta ke sauya shi.

Sai dai haɗarin na nan. Maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa tumbi, bangonsa siriri ne, kuma yana ratsa ƙirji ne kusa da zuciya da huhu. Idan sandar ƙarfe ta huda shi, ƙwayoyin cuta su kwarara cikin ƙirji, kuma a zamanin da ba a gano magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba, wannan kusan ajali ne. An yi asarar rayuka a hannun wasu likitoci, kuma shahararren likitan tiyata na Munik, Ferdinand Sauerbruch, ya fito ƙarara yana adawa da aikin baki ɗaya. Adawar tasa tana da hujja, kuma Schindler bai raina ta ba. Ya fahimci cewa muddin na'urar ba ta lanƙwasa, ba za ta taɓa zama kayan aikin kowane likita ba, sai dai ta 'yan ƙalilan masu sanyin hannu da sa'a.

Nan ne ya haɗa kai da Georg Wolf, wani maƙerin kayan gani da ke Balin. Matsalar da ke gabansu mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar warwarewa: haske a miƙe yake tafiya, to yaya hoto zai bi ta bututun da ya karkace? Dabarar da suka yi ita ce jera ƙananan gilasai masu yawa a cikin bututun, kusa da juna, kowanne na karɓar hoton ya miƙa wa na gaba, ta yadda ko an ɗan tanƙwara bututun hoton ba zai ɓace ba. Sun shafe shekaru suna ƙerawa suna rushewa kafin su fito da ita a 1932. Sashen sama na na'urar ƙarfe ne miƙaƙƙe, sashen ƙasa kuwa an lulluɓe shi da roba, yana lanƙwasa kimanin digiri 30 ba tare da hoton ya gushe ba. A ƙarshenta akwai ɗan ƙwan lantarki da kan roba mai laushi da ke share hanya. Ba ta kai laushin bututun yau ba ko kusa, amma ta rage haɗarin huda maƙoshi ƙwarai, har likitoci a Turai da Amurka suka amince su koya.

Yadda yake gudanar da aikin ma darasi ne. Majinyaci zai zo da yunwa, a kashe masa zafin maƙogwaro da magani, a kwantar da shi a gefen hagu a ɗaki mai duhu. Likita zai zura na'urar, ya hura iska da ƙwallon roba don tumbin ya buɗe, sannan ya riƙa juya ta a hankali yana duba sashe bayan sashe. Amma rabin nasarar na hannun wanda ke riƙe da kan majinyaci, domin motsi ɗaya na firgici na iya jawo rauni. Wannan aiki matarsa Gabriele ce ta riƙe shi tsawon shekaru. Ita ke tallafe kan, tana yi wa majinyaci magana a hankali har hankalinsa ya kwanta, kuma waɗanda suka koyi aiki a wurinsa sun shaida cewa ba ya son yin aikin idan ba ta nan. Ya kamata a riƙa ambaton sunanta fiye da yadda littattafai suka saba yi.

Babban abin da ya kafe a kai shi ne kumburin fatar tumbi. Likitoci da yawa na wancan lokaci na shakkar ko akwai irin wannan cuta, saboda tumbin gawa yakan fara narkewa da ruwansa jim kaɗan bayan mutuwa, sai a kasa bambanta ɓarnar cuta da ta mutuwa. Schindler ya gan ta a jikin masu rai, ya rarraba ta gida-gida, daga wadda ta tsaya a saman fata zuwa wadda ke sa fatar ta sirance ta ƙanƙance. Ya kuma nace cewa ido na iya taimakawa wajen bambanta gyambo na yau da kullum da wanda sankara ce ke ɓoye a cikinsa, bambancin da ke yanke hukuncin ko za a yi tiyata da wuri. Musabbabin yawancin wannan kumburi bai riske shi ba. Sai a farkon shekarun 1980 Barry Marshall da Robin Warren suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori a Ostireliya, kuma da tsokar da aka tsinko ta bututun endoskofi suka gano ta.

Na'urar ba ta cika shekara da fitowa ba Hitler ya hau mulki a Janairun 1933. Schindler na da jinin Yahudawa, kuma wannan kaɗai ya ishi sabuwar gwamnati laifi. An kama shi, ya yi kimanin wata shida a tsare. Abin da ya cece shi shi ne sunan da aikinsa ya yi masa a waje: likitoci biyu na Jami'ar Shikago, Marie Ortmayer da Walter Palmer, suka nema masa gurbin koyarwa, kuma a 1934 ya bar Jamus da iyalinsa. Nan da nan Shikago ta zama makarantar da likitoci ke zuwa daga ko'ina don koyon leƙa tumbi. A 1937 ya fitar da babban littafinsa da Ingilishi, a 1941 kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar likitocin wannan fanni, wadda ta girma ta zama babbar ƙungiyar masu endoskofin hanji da tumbi ta Amurka. Lambar yabonta mafi daraja har yau sunansa take ɗauke da shi.

Mutum ne mai kafiya, wanda ba ya sassauta wa ɗalibi ko abokin aiki, kuma zamansa a Shikago bai ƙare da daɗi ba. A 1943 ya koma Los Angeles ya ci gaba da koyarwa da duba marasa lafiya. Yana da shekara 70 ya karɓi gayyatar koyarwa a Belo Horizonte ta ƙasar Birazil, ya koyi harshen Fotugal don ya yi wa ɗalibai magana da bakinsu, ya zauna can daga 1958 zuwa 1960.

A daidai wannan lokaci ne zamanin na'urarsa ya zo ƙarshe. Tana da wuraren da ba ta iya gani a cikin tumbin, kuma ba ta wuce shi zuwa farkon ƙaramin hanji, inda gyambo ya fi yawa. A 1957, a Jami'ar Michigan, Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu, tare da Larry Curtiss da Wilbur Peters, suka haɗa bututu daga dubban zaren gilashi masu siranta kamar gashi, waɗanda ke ɗaukar haske duk yadda aka murɗa su. Hirschowitz ya fara haɗiye shi da kansa kafin ya gwada a kan majinyaci. Daga nan aka samu bututun da ke shiga hanji ta dubura, da na huhu, da waɗanda ake tsayar da zubar jini ko cire tsiro da su ba tare da an tsaga ciki ba. Amma likitocin farko da suka riƙe sabon bututun, da yawansu a hannun Schindler ko a littattafansa suka koyi fassara abin da suke gani.

Gabriele ta rasu a 1964. Shekara guda bayan haka ya tattara ya koma Munik, birnin da aka ɗaure shi shekaru 30 da suka gabata, ya sake aure a can. A nan ya mutu a ranar 6 ga Satumba, 1968, yana da shekara 80.