Levi Coffin, ɗan New Garden da bai rufe ƙofarsa ba

'Yan uwa mazauna Greensboro, duk mai bi ta titin New Garden, kusa da kwalejin Guilford, mahaifar Levi Coffin yake ratsawa. A yankin aka haife shi a 1798, cikin Kiristoci 'yan ɗarikar Quaker. Yana ɗan shekara 7 ya ga an wuce da bayi cikin sarƙa, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. A 1821 shi da ɗan uwansa Vestal suka buɗe makarantar Lahadi don koya wa bayi karatu, iyayengijinsu suka sa aka rufe ta.

A 1826 ya koma Indiyana, inda shi da matarsa Catharine suka mai da gidansu mafakar bayin da suka gudo. Nan fa aka sa shi a gaba. Masu saye suka ƙaurace wa shagonsa, mafarautan bayi na yi masa barazana, abokai na ja masa kunne. Abin da ya fi ciwo, a 1843 'yan ɗarikarsa ma suka kore shi. Shi dai ya bar ransa da dukiyarsa a hannun Allah, ya ci gaba da buɗe ƙofa da tsakar dare. An ƙiyasta ya taimaki bayi kusan 3,000 sun tsira. Ya rasu a Cincinnati a 1877.